Shin Wasan da Jiragen Yaƙi Ke Yi a Baje-koli Ne Ke Sayar da Su?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ranar 21 ga Nuwamban 2025, da jirgin yaƙin Indiya samfurin Tejas ya faɗi yana tsakiyar wasan nuna bajinta a baje-kolin jiragen sama na Dubai, matuƙinsa ya rasa ransa a gaban 'yan kallo, wata tambaya ke ta yi mini yawo a rai. Indiya ta daɗe tana neman ƙasar waje ta farko da za ta sayi wannan jirgi, kuma dalilin kai shi Dubai ke nan. A ganina wannan hatsari ya rufe masa ƙofar kasuwa, domin ban ga shugaban rundunar sojin saman da zai koma gida ya ce wa gwamnatinsa ta zuba dukiyar al'umma a jirgin da duniya ta kalli faɗuwarsa a wayoyinta ba. Ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su warware mini: shin wannan wasa na sama shi ke sa a sayi jirgi ko a fasa, ko kuwa a wani wuri dabam ake ƙulla cinikin?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam, Malam. Da farko muna jajanta wa iyalan matuƙin. Amma abin da ya gabata bai goyi bayan hasashenka ba. A baje-kolin Faris na 1989, a filin Le Bourget, jirgin MiG-29 na Tarayyar Sobiyet ya faɗi bayan injinsa ɗaya ya mutu yana tafiya a hankali ƙasa-ƙasa, matuƙinsa Anatoly Kvochur ya cilla kansa waje saura ƙiris jirgin ya daki ƙasa, kuma ya tsira da ransa. Abin da jama'a suka koma gida suna magana a kai shi ne ingancin kujerar da ta cece shi, har daga baya Amurkawa suka nemi irinta suka gwada. Bayan shekara biyar Malesiya, wadda ta saba sayen kayan ƙasashen Yamma, ta sayi MiG-29 guda 18.

A 1999 kuma, a wannan fili dai, wani Su-30 na kamfanin Sukhoi na Rasha ya goga wutsiyarsa a ƙasa ya kama da wuta, matuƙansa biyu suka fita da rai. Indiya, wadda ita ce babbar mai sayensa, ba ta janye ba, ta ci gaba da ƙara oda har ta kai jirage 272, akasarinsu a masana'antarta aka harhaɗa su. Haka shi ma Gripen na ƙasar Siwidin ya faɗi a tsakiyar birnin Stockholm a 1993 ana cikin biki, amma hakan bai hana Afirka ta Kudu da Hangari da Jamhuriyar Cek da Tailan da Burazil ɗaukarsa ba.

Injiniya_Hauwa:
Malam_Tarihi, misalanka daidai suke, sai dai akwai wanda ka tsallake. Kamfanin Northrop na Amurka ya ƙera F-20 Tigershark da kuɗin aljihunsa, sama da dala biliyan ɗaya, musamman domin sayar wa ƙasashen waje. Guda uku kacal aka gama. Ɗaya ya faɗi a Koriya ta Kudu a 1984 yana nuna wa masu son saye abin da zai iya, na biyu ya faɗi a Kanada a 1985 yana atisayen zuwa baje-kolin Faris, kuma duka matuƙan biyu sun mutu. A 1986 aka rufe aikin ba tare da an sayar da ko ɗaya ba. Saboda haka maganar Malam Ɗan_Fagge ba ta rasa tushe ba.

Malam_Tarihi:
Hajiya, na gode da wannan ƙari. Sai dai abin da ya fi kashe F-20 shi ne rundunar sojin saman Amurka kanta ta ƙi sayensa, sannan gwamnatin Reagan ta sassauta dokar sayar da F-16 ga ƙawayenta. Babu ƙasar da ke son ɗaukar jirgin da ƙasar da ta ƙera shi ba ta amfani da shi, domin ba ta da tabbacin samun kayan gyara bayan shekara ashirin. Tejas kuwa yana da uwa a gindin murhu: rundunar sojin saman Indiya ta ba da odar 83 na sabon samfurin Mk1A a 2021, ta ƙara 97 a 2025.

Ɗan_Deira:
Ni ina harkar kasuwanci a Dubai, kuma na taɓa samun shiga wannan baje-koli a wata shekarar da ta gabata ta hanyar wani abokin ciniki, don haka bari in faɗi abin da idona ya gani. Da rana ta take ake fara wasan. Idan jirgi ya kunna wutar bayansa ya miƙe sama a tsaye, ba da kunne kaɗai kake jin ƙarar ba, har cikin ƙirjinka take bugawa, ga warin man jirgi ya cika wurin, kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne jerin ɗakunan alfarma da manyan kamfanoni suka kama a bakin filin, masu gilashi da sanyi, da masu gadi a ƙofa, ba ka shiga sai da takardar gayyata. Can ministocin tsaro da janar-janar ke shiga da tawagarsu. Sau da yawa jirgi na can yana alkafura a sama, su kuwa suna zaune da takardu a gabansu, ko waiwayowa ba sa yi. Mu 'yan kallo ne muke tsaye a rana muna tafi.

Akwai kuma abin da duk mazaunin ƙasar nan mai bibiyar labarai ya sani. A baje-kolin 2011 Rafale na Faransa ya yi wasa, kowa na jiran a sanar da ciniki, sai Sheikh Muhammad bin Zayed, yarima mai jiran gadon Abu Dhabi a lokacin, ya fito fili ya soki tayin kamfanin Dassault mai ƙera jirgin, ya nuna cewa sharuɗɗansa ba masu yiwuwa ba ne. Sai bayan shekara goma, a watan Disamban 2021, lokacin ziyarar Shugaba Macron, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sa hannu a kan sayen Rafale 80, makonni kaɗan bayan an tashi daga baje-kolin waccan shekara.

Ɗalibi_Bauchi:
Ina neman ƙarin haske daga manya. Wannan salon da jiragen Rasha ke yi, inda jirgi zai ɗaga hanci ya tsaya kamar ya daskare a iska sannan ya koma daidai, yana da amfani a fagen yaƙi kuwa?

Tsohon_Bakanike:
Ɗana, wannan salo Viktor Pugachev ne ya fara nuna wa duniya shi da jirgin Su-27 a wancan baje-koli na 1989 da Malam_Tarihi ya ambata, shi ya sa ake haɗa shi da sunansa. Yana nuna cewa jirgin ba ya kuɓuce wa matuƙi ko da iska ta daina bin fikafikansa yadda ya kamata, kuma injinsa ba ya shaƙewa. Wannan shaida ce ta ƙwarewar waɗanda suka ƙera shi. Amma jirgin da ya yi haka ya zubar da kusan dukkan gudunsa, kuma a yaƙin zamani, inda ake harbo makami mai linzami daga nisan da ido ba ya kaiwa, jirgin da ya rasa gudu ya zama abin hari mai sauƙi.

Na yi shekaruna ina gyaran jirage kafin in ajiye aiki, kuma ina so jama'a su sani cewa jirgin da kuke gani a wasa ba haka yake fita aiki ba. Yawanci ba a rataya masa bama-bamai ko tankunan ƙarin mai, ana zuba masa man da zai ishe shi 'yan mintoci ne kawai domin ya yi sauƙi, kuma kafin ya tashi ƙwararrun kamfani sun kwana a kansa. Wanda ya san doki ba ya sayen sa ranar hawan Sallah yana cikin kayan ado, barga yake zuwa ya duba haƙora da kofato. Tambayoyin da mu muke yi su ne: awa nawa na gyara yake ci bayan kowace awa ɗaya ta tashi, bayan awa nawa ake sauke inji a kai shi babban gyara, kuma a wace ƙasa ake wannan gyaran. Na ga jirgi lafiyayye ya yi watanni a rumfa an rufe bakin injinsa da jan murfi, ƙura ta lulluɓe gilashinsa, saboda wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba wanda aka rasa kuɗin waje na sayo shi. Daga nan sai a fara cirewa daga jikin wannan ana saka wa wancan, kafin ka ankara jirage shida sun koma biyu. Nijeriya ta sayi Jaguar 18 a farkon shekarun 1980, jirage masu kyau ƙwarai, amma ba su cika shekara goma suna aiki ba aka ajiye su saboda tsadar kula da su.

Likita_Zariya:
Baba Tsohon_Bakanike ya yi bayanin ƙarfe, bari in ƙara da na jikin ɗan Adam. Idan jirgi ya yi kwana mai tsanani, nauyin matuƙi kan ninka har sau tara, jini ya sauka daga kai zuwa ƙafafu, gani ya fara dushewa, idan abin ya ɗore sai suma ta biyo baya. Shi ya sa suke sa wando na musamman mai matse cinyoyi da ciki, suna kuma ɗaure tsokar jiki da wani salon numfashi. A can sama sosai, matuƙin da ya suma na daƙiƙu kaɗan yana iya farfaɗowa ya kama jirginsa, amma a wasan baje-koli, inda ake yin komai kusa da ƙasa domin 'yan kallo su gani, wannan sarari babu shi. Binciken hatsarin F-20 guda biyu da Hajiya ta kawo ya danganta su da irin wannan suma. Na Dubai kuwa rundunar sojin saman Indiya ta kafa kwamitin bincike, kuma adalci ga mamacin shi ne a bar wa kwamitin hukunci.

Bamaradi:
Ni a nawa ganin ba a nan gizo ke saƙa ba. Jirgin yaƙi ba haja ba ce da mai kuɗi zai shiga kasuwa ya zaɓa, aure ne na siyasa na shekara talatin ko arba'in. Turkiyya tana cikin ƙasashen da ke ƙera sassan jirgin F-35 na Amurka, amma a 2019 Amurka ta fitar da ita daga shirin saboda ta sayi makaman kare sararin samaniya na S-400 daga Rasha. Indonesiya ta sa hannu a kan sayen Su-35 guda 11 a 2018, daga baya ta bar maganar saboda dokar takunkumin Amurka ta 2017 a kan masu sayen makaman Rasha, ta koma ta sayi Rafale 42. Ajantina ta shekara da shekaru tana neman jirgi, ta so FA-50 na Koriya ta Kudu, amma Birtaniya ta hana saboda akwai sassanta a cikinsa, kuma takunkumin da ta sa tun yaƙin tsibiran Falkland na 1982 yana nan. A ƙarshe tsofaffin F-16 guda 24 ta saya daga Danmak a 2024.

Wannan shi ne ainihin ciwon Tejas. Injinsa na kamfanin General Electric ne na Amurka, kujerar cilla matuƙi ta kamfanin Martin-Baker ce ta Birtaniya, kuma akwai na'urorin Isra'ila a cikinsa. Duk wanda Indiya za ta sayar wa, sai waɗannan ƙasashe sun yarda. Ko da bai taɓa faɗuwa ba, wannan igiya tana wuyansa.

Ɗan_Fagge:
Malam Bamaradi, idan haka ne, me ya sa Pakistan ta iya sayar wa Nijeriya JF-17 ɗinta, alhali ita ma ba babbar ƙasa ba ce a wannan fage?

Alhaji_Sabon_Zango:
Malam Ɗan_Fagge, ƙaramin gyara. JF-17 ba na Pakistan kaɗai ba ne, haɗin gwiwa ne tsakanin masana'antarta da ke Kamra da kamfanin Chengdu na ƙasar Sin, injinsa kuma RD-93 ne na Rasha. Wato bai dogara da izinin ƙasashen Yamma ba, kuma yana da araha. Nijeriya ta karɓi guda uku a Makurɗi a watan Mayun 2021, Myanmar ta riga ta saye, Azabaijan ma ta biyo baya. Kada kuma a manta cewa akwai daɗaɗɗiyar hulɗar horar da sojoji tsakanin Nijeriya da Pakistan, kuma kafin JF-17 an riga an sayi ƙananan jiragen koyon tuƙi na Super Mushshak daga wurinsu. Irin wannan sabo ya fi wasan minti goma tasiri.

Ummu_Khalil:
Ina bin wannan muhawara da damuwa, domin kuɗin da ake magana a kai na talakawa ne. Tambayata ita ce ko jirgin da ke burge mutane a baje-koli shi ne wanda ƙasashe irin namu ke bukata. Super Tucano jirgi ne mai farfela, ba ya tsaga sama da ƙara, babu wanda zai bar abin da yake yi ya fito kallonsa, amma yana iya daɗewa yana shawagi a kan daji da kuɗi kaɗan, kuma irin wannan aiki ne ke gabanmu. Nijeriya ta biya kusan dala miliyan 500 a kan guda 12 tare da makamai da horo, sun iso a 2021 aka girke su a Kainji. Shi ma wannan ciniki siyasa ta riƙe shi, domin gwamnatin Obama ta dakatar da shi bayan harin kuskuren da aka kai sansanin 'yan gudun hijira na Rann a watan Janairun 2017, sai a zamanin Trump aka sake buɗe shi.

Ku dubi kuma Afirka ta Kudu. A cinikin makamai na 1999 ta sayi Gripen 26, cinikin da zarge-zargen cin hanci suka dabaibaye har aka gurfanar da Jacob Zuma, tsohon shugaban ƙasar, a kotu. Daga 2021 zuwa 2022, kimanin shekara guda, babu ko ɗaya daga cikinsu da ya tashi saboda ba a sabunta kwangilar kula da su ba. Idan wannan ya faru da ƙasar da ke da masana'antu irin nata, ya kamata mu yi wa kanmu faɗa.

Ɗalibi_Bauchi:
Gaskiya ne, Inna. Mu ma mun ɗanɗani ɗacin wasan sama, domin a watan Satumban 2018 jirage biyu samfurin F-7 sun yi karo a Abuja suna atisayen bikin ranar 'yancin kai, kuma an rasa matuƙi ɗaya.

Malam_Tarihi:
Allah Ya jiƙansa. Hatsarin da ya sauya dokokin waɗannan wasanni shi ne na sansanin Ramstein a Jamus a 1988, inda jiragen tawagar Italiya uku suka yi karo, ɗaya ya faɗa cikin jama'a, mutum 70 suka mutu. Tun daga nan aka tsananta nisan da ke tsakanin jirgi da 'yan kallo, aka kuma hana yin salo mai hatsari ana fuskantar su.

Amma bari in maido mu kan tambayar farko da labarin Rafale, domin shi ya fi amsa ta. Jirgin ya shiga aiki a farkon shekarun 2000, babu baje-kolin da bai yi wasa ya burge ba, amma ya sha kaye a Koriya ta Kudu da Singafo da Maroko da Siwizalan da Burazil. Sai a 2015 ya samu mai saye na farko daga waje, wato Masar, da jirage 24. Abin da ya sauya a tsakani shi ne an gan shi yana aiki a Libiya a 2011 da Mali a 2013, dangantakar Masar da Amurka ta yi tsami bayan 2013, sannan bankunan Faransa suka ba da rance gwamnati ta tsaya musu. Daga nan Katar da Indiya da Girka da Kuroshiya suka biyo. Ita kanta Indiya da za ta zaɓa, ba wasa ta kalla ba. Jirage shida ta kai hamadar Jaisalmer domin ta ga yadda za su yi da zafi, ta kuma kai su Leh a tsaunukan Himalaya inda iska ba ta da kauri, aka kashe inji cikin sanyi aka ce a sake tayarwa. Finlan ma a tsakiyar hunturun 2020 ta gwada masu neman kwangilarta kafin ta zaɓi F-35 guda 64.

Injiniya_Hauwa:
Duk da haka ba zan yarda a ce wasan ba shi da aikin komai ba, domin kamfanoni ba za su riƙa kashe maƙudan kuɗi suna jigilar jirage da ma'aikata zuwa Faris da Farnborough da Zhuhai da Bengaluru a banza ba. Janar ne ke duba rahoton gwaji, amma ɗan majalisar da zai amince da kasafin kuɗi da ɗan jaridar da zai rubuta labari ba su ga wannan rahoto ba, abin da suka gani shi ne hoton bidiyo. Baje-koli kuma shi ne dandalin sanarwa. Malesiya ta zaɓi FA-50 guda 18 tun a watan Fabrairun 2023, a gasar da Tejas ma ya shiga ya sha kaye, amma sai a baje-kolin Langkawi na watan Mayu aka yi bikin sa hannu. Ku kuma tuna arangamar Indiya da Pakistan ta watan Mayun 2025: tun kafin a tantance abin da ya faru, hannun jarin kamfanin ƙasar Sin da ke ƙera J-10C, jirgin da Pakistan ke amfani da shi, ya yi sama saboda iƙirarin Pakistan cewa ta harbo jiragen Indiya, kuma daga baya babban hafsan tsaron Indiya ya amsa cewa sun yi asarar jirage ba tare da ya faɗi adadi ba. Suna yana da farashi a wannan kasuwa.

Ɗan_Fagge:
Na ƙaru ƙwarai da bayananku, amma har yanzu ina kan wani ɓangare na maganata. MiG da Sukhoi da suka faɗi a Faris suna da tarihin shekaru masu yawa da ƙasashe da dama da ke amfani da jiragensu, saboda haka hatsari ɗaya ba zai girgiza su ba. Kasuwar kuma a hannun 'yan tsiraru take, tunda ƙididdigar cibiyar SIPRI, mai bin diddigin cinikin makamai a duniya, ta nuna Amurka kaɗai ke da kashi 43 cikin 100 na makaman da aka fitar tsakanin 2020 da 2024. Sabon shiga irin Indiya, wanda bai taɓa sayar da jirgin ga kowa ba, ba shi da wata shaida a hannu sai abin da aka gani, kuma abokan hamayyarsa ba za su bari a manta da wannan bidiyo ba.

Tsohon_Bakanike:
Malam, Tejas ya fara tashi ne a 2001, kuma bai taɓa faɗuwa ba sai a watan Maris na 2024 kusa da Jaisalmer, inda matuƙin ya tsira. Masu saye na gaskiya sun san wannan lissafi. Abin da za su fi sa wa ido shi ne jinkirin da aka samu wajen kawo injinan F404 daga Amurka, wanda ya sa kamfanin HAL na Indiya, mai ƙera Tejas, ya gaza miƙa wa rundunar ƙasarsa sababbin jiragen a kan lokaci. Idan ni ne aka tura duba jirgin, kafin in tambayi abin da ya faru a Dubai zan fara tambayar inji nawa ke isowa masana'antar a kowane wata, da kuma wanda za a fara ba wa tsakanin ƙasata da rundunar Indiya da ke jiran jirage 180.